Yadda ake nazarin gine-ginen shanye igiyar ruwa a tashar jiragen ruwa

"Assalamu alaikum, Malam Injiniya. Ni ɗalibi ne mai karatun injiniyan gine-gine, kuma akwai abin da ya ɗaure mini kai. Ana kewaye tashar jiragen ruwa da ƙatuwar katangar duwatsu domin ta tare igiyar teku, amma duk da haka sai a ji cewa jiragen da ke ɗaure a ciki suna ta tangaɗi har an dakatar da sauke kaya. An faɗa mana akwai gine-ginen da ake sawa a cikin tasha domin su shanye ƙarfin igiya. Yaya suke aiki? Ta yaya ake gane za su yi amfani tun kafin a zuba kuɗi a gina su? Shi kuma ɗan samfurin da ake gwadawa a ɗakin gwaji, abin dogaro ne kuwa?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka ta haɗa abubuwa uku: dalilin da ya sa ruwan cikin tasha yake ƙin kwanciya bayan an kare ta, yadda ginin shanye igiya yake rage wannan motsi, da kuma hanyar da muke bi mu auna amfaninsa kafin a fara gini. Amsar dukansu tana rataye ne a kan abu guda da nake so ka riƙe tun daga farko, wato babu ginin da yake shanye kowace irin igiya. Kowane gini yana da irin igiyar da yake iya ci, kuma wanda bai fara tantance igiyar da ke damun tasharsa ba, to zai iya gina abu mai kyau da tsada wanda ba zai canza komai ba.

Bari mu daidaita kalmomi uku kafin mu shiga. Tsayin igiya shi ne daga kwarinta zuwa tozonta. Tazara ita ce daƙiƙun da ke tsakanin wucewar tozo ɗaya da na bayansa. Zango kuwa shi ne nisan da ke tsakanin tozo da tozo. A ruwa mai zurfi sosai, zango a mita yana kusa da 1.56 sau tazara sau tazara, don haka igiya mai tazarar daƙiƙa 5 tana da zangon mita 39, mai daƙiƙa 10 kuma mita 156. Idan igiya ta shigo ruwa marar zurfi zangonta yana gajarcewa: a zurfin mita 10, mai daƙiƙa 10 ɗin nan tana komawa kusan mita 92.

Me ya sa ruwan cikin tasha yake ƙin kwanciya

Dole ne tasha ta sami ƙofa, kuma duk ƙofar da jirgi zai bi, igiya ma za ta bi. Igiya ba ta tafiya miƙe kawai. Idan ta iso ƙarshen katanga tana lanƙwasawa ta bazu a bayanta kamar mafici, kuma tun 1952 Penney da Price suka fitar da lissafin wannan bazuwa wanda har yanzu ake koyarwa. Wani kaso kuma yana tsallake katangar idan teku ta yi fushi, wani yana ratsa ramukan da ke tsakanin duwatsunta. Ga kuma ƙananan igiyoyin da iska da jiragen da ke wucewa suke tayarwa a cikin tashar kanta.

Wannan duka da sauƙi da a ce ƙarfin da ya shigo yana mutuwa a ciki. Matsalar ita ce bangon da jirgi ke jingina a jikinsa tsaye yake kyam, an yi shi da kankare ko faranten ƙarfe, saboda jirgi yana bukatar zurfi har jikin bango. Irin wannan bango ba ya cin ƙarfin igiya, mayar da ita yake yi. Muna auna wannan da adadi guda, wato tsayin igiyar da ta dawo a raba shi da tsayin wadda ta zo, kuma zan riƙa kiransa rabon dawowa. A bango tsayayye mai santsi yana kai wa 0.9 ko sama da haka. A gangaren duwatsu yakan faɗa tsakanin 0.3 da 0.6, a bakin gaɓa mai yashi da sassauƙan gangare yakan kasa 0.2.

Kada ƙanƙantar waɗannan lambobi ta ruɗe ka. Ƙarfin igiya yana tafiya ne da tsayinta sau tsayinta, saboda haka bangon da rabonsa yake 0.9 yana mayar da kashi 81 cikin ɗari na ƙarfin, mai 0.4 kuwa kashi 16 kawai. Sannan a cikin tasha igiya ba sau ɗaya take bugun bango ba, daga wannan take faɗawa wancan. Bayan bugu uku a bango mai 0.9, saura kusan kashi 73 cikin ɗari na tsayinta; bayan bugu uku a mai 0.4, abin da ya rage bai kai kashi 7 ba. A daidai jikin bangon kuma, wadda ta zo da wadda ta dawo suna hawa kan juna, har igiyar mita ɗaya ta koma kusan mita biyu a wurin da jirgi yake ɗaure. Don ka ga muhimmancin wannan, ƙa'idojin gina tashoshi na Japan sun ɗauki kusan mita 0.3 a matsayin iyakar tsayin igiyar da ƙananan jirage ke iya aikin kaya a cikinta, da kusan mita 0.5 ga matsakaita da manya, suna kuma son tasha ta kasance a kwance aƙalla kashi 97.5 cikin ɗari na shekara. Santimita ashirin na iya zama bambanci tsakanin ranar aiki da ranar zaman jira.

Yadda ginin yake cin ƙarfin igiya

Ƙarfi ba ya ɓacewa haka kawai. Abin da ginin yake yi shi ne ya tilasta wa motsin ruwa mai tsari ya rikiɗe ya zama hargitsi, kumfa da ƙananan juyi, waɗanda a ƙarshe suke mutuwa su zama ɗan zafi da ba ya damun kowa. Hanyoyin da ake bi a kai ga haka ba su da yawa: a sa igiyar ta fashe, ko a sa ruwa ya kutsa ta cikin ramuka yana gogayya, ko a raba igiyar da za ta dawo gida biyu a sa ɗaya ta soke ɗaya.

Mafi daɗewa kuma mafi aminci shi ne gangare, ko na yashi ko na tarin duwatsu. Igiya tana hawa gangaren, zurfi yana raguwa a ƙarƙashinta, sai ta fashe, ragowar kuma ya shige tsakanin duwatsu ya gaji. Injiniyan Sifaniya Ramón Iribarren ya nuna a 1949 cewa abin da ke yanke yadda igiya za ta yi a kan gangare shi ne dangantakar tsinin gangaren da tsinin igiyar kanta, kuma Battjes na ƙasar Holan ya faɗaɗa amfani da wannan adadi a 1974. Ma'anarsa a aikace ita ce gangare guda yana da fuska biyu. Ɗauki gangaren da ke hawa mita 1 a kowace mita 2, da igiya mai tsayin mita ɗaya. Idan tazararta daƙiƙa 5 ce, adadin Iribarren yana kusa da 3, kuma gangaren zai ci kaso mai kyau na ƙarfinta. Idan tazarar ta kai daƙiƙa 12, adadin ya haura 7, igiyar ba za ta fashe ba, sai dai ta hau a hankali ta sauko, kaso mai yawa ya koma inda ya fito. Ga igiya mai dogon zango, gangaren nan bai bambanta da bango sosai ba. Magani shi ne a kwantar da gangaren, amma kwantar da gangare fili yake ci, kuma fili a cikin tasha shi ne abu mafi tsada, domin kowace mitar da aka ba duwatsu an ɗauke ta ne daga wurin juyawar jirgi ko wurin jingina shi.

Ƙarancin fili ne ya haifar da akwatin kankare mai hudaddiyar fuska, wanda G. E. Jarlan na Majalisar Bincike ta Ƙasar Kanada ya gabatar a 1961, aka kuma fara gina irinsa a Baie-Comeau da ke lardin Quebec a cikin shekarun 1960. Bangon gaba yana da ramuka ko tsage-tsage, bayansa akwai ɗaki da ruwa ke shiga, sannan bangon baya toshe yake. Wani kaso na igiya yana dawowa daga bangon gaba, wani yana shiga ɗakin ya bugi bangon baya ya fito a makare. Idan faɗin ɗakin ya kusa rubu'in zango, tafiya da dawowa sun zama rabin zango ke nan, sai tozon wannan ya gamu da kwarin waccan su kashe juna. A wannan yanayin ne kuma bambancin tsayin ruwa tsakanin waje da cikin ɗakin yake kai matuƙa, ruwa ya riƙa fesowa ta ramukan da gudu, ƙarfi mai yawa ya lalace a cikin juyin da ke biyo baya. A gwaji mukan tarar cewa faɗin da ya fi aiki ya ɗan kasa rubu'i, wajen kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na zango, saboda nauyin ruwan da ke kai-kawo a cikin ramukan yana ƙara jinkiri. Yawan ramukan ma da ƙa'ida: idan sun yi kaɗan fuskar ta zama bango, idan sun yi yawa igiya ta wuce ba tare da gogayya ba ta dawo daga bangon baya da ƙarfinta, shi ya sa yawanci ake barin buɗaɗɗen wuri tsakanin kashi 15 da 30 cikin ɗari na fuskar.

Kyawun wannan gini shi ne jirgi yana iya jingina a jikinsa. Rauninsa kuma a fili yake: an ɗinka shi ne daidai wani zango. A zurfin mita 10, igiyar daƙiƙa 5 tana da zangon kusan mita 37, don haka ɗaki mai mita 6 zuwa 9 ya ishe ta. Igiyar daƙiƙa 10 kuwa tana neman ɗakin da ya kusa ninka wannan sau biyu da rabi. Don a faɗaɗa irin igiyoyin da ginin zai ci, akan jera bangaye masu ramuka biyu ko uku, na gaba ya fi buɗewa, na baya ya fi matsewa, ta yadda igiya za ta shiga ba tare da ta ji an tare ta farat ɗaya ba, tana rasa ƙarfi mataki-mataki. Akwai kuma tsarin da ni na fi so idan ƙasar wurin ta yarda: a kafa dandamalin sauke kaya a kan ginshiƙai, a shimfiɗa gangaren duwatsu a ƙarƙashinsa. Jirgi ya sami fuska tsayayya, igiya ta sami gangare, sai dai dole a bar isasshen sarari ko hanyar fitar iska, domin igiyar da ta matse iska a ƙarƙashin dandamali tana dukansa daga ƙasa da ƙarfin da zai iya fasa kankare. Shingaye masu yawo a kan ruwa kuwa na ƙananan tashoshi ne, inda tazarar igiya ba ta wuce daƙiƙa 4 ko 5 ba.

Igiyar da ba a gani da ido

A nan ne nake so ka fi mai da hankali, domin a nan ne kuɗi ya fi salwanta. Ban da igiyoyin iska da kowa ke gani, akwai masu tazarar rabin minti zuwa minti biyar, wasu ma fiye da haka. Yawancinsu rukunin igiyoyi ne ke haifar da su: igiyoyin teku suna zuwa ne jeri-jeri, manya a tare, ƙanana a tare, kuma matakin ruwa yana ɗan faɗawa a ƙarƙashin manyan ya ɗan ɗaga a ƙarƙashin ƙananan. Walter Munk ya ba da rahoton wannan motsi a 1949, Longuet-Higgins da Stewart kuma suka bayyana sababinsa a farkon shekarun 1960. Tsayinsu a bakin tasha na iya zama santimita kaɗan, mutum ya tsaya yana kallon ruwa ya rantse a kwance yake.

Illar tana zuwa ne idan tazararsu ta dace da tazarar lilon tashar kanta. Idan ka ɗauki daro cike da ruwa kana tafiya, ka san akwai wani takun da in ka yi shi ruwan zai fara lilo har ya zube, ko da ba ka girgiza daron da ƙarfi ba. Tasha ma haka take. Ga mashigi mai buɗaɗɗen baki, tazarar lilonsa ta farko ita ce tsawonsa sau huɗu a raba da gudun doguwar igiya, gudun kuwa a zurfin mita 10 kusan mita 9.9 ne a daƙiƙa. Mashigi mai tsawon mita 500 zai yi lilo a kusan daƙiƙa 200. Babban jirgin da aka ɗaure shi ma yana da tasa tazarar kai-kawo gaba da baya a kan maɗauransa, kuma takan faɗa a cikin wannan iyaka ta minti ɗaya zuwa 'yan mintuna. Idan ukun nan suka haɗu, jirgin zai riƙa zamewa mita ɗaya ko fiye a jikin bango, na'urar ɗaga kwantena ta kasa saita kanta, maɗaurai su tsinke. Tashar Table Bay a Cape Town ta yi fama da wannan har Basil Wilson ya yi dogon nazari a kai tun shekarun 1940. Akwai kuma nau'in da canjin matsin iska ke tayarwa, kamar wanda ya auka wa mashigin Nagasaki a ranar 31 ga Maris 1979, da wanda ya lalata jirage masu yawa a Ciutadella ta tsibirin Menorca a ranar 15 ga Yuni 2006.

Yanzu ka yi lissafin da kanka. Igiya mai tazarar daƙiƙa 100 a zurfin mita 10 tana da zangon kusan kilomita ɗaya. Rubu'insa mita 250 ne. Babu wanda zai gina ɗaki mai faɗin mita 250 a jikin bangon tasha, kuma gangaren duwatsu a wurin irin wannan igiya tamkar bango ne. Don haka idan doguwar igiya ce ke damun tasha, gine-ginen da na lissafa a sama ba za su warkar da ita ba. Sai a koma ga canza siffar mashigin ko tsawonsa, ko a matsar da wurin ɗaure jirgi daga inda ruwa ya fi gudu a kwance, ko a gyara tsari da taurin maɗaurai. Ko matse ƙofar tasha ba lallai ya taimaka ba. Miles da Munk sun nuna a 1961 cewa, a lissafin da bai sa gogayya ba, ƙara matse ƙofa yana ƙara ƙarfin lilo, domin ƙarfin da ya shiga ya rasa hanyar fita. A zahiri asarar ƙarfi a bakin ƙofa tana rage wannan sakamako, amma gargaɗin yana nan daram.

Yadda ake gudanar da nazarin

Aikin yana farawa ne a teku, ba a ɗakin gwaji ba. Ana ajiye ma'auni mai yawo a waje domin ya ɗauki tsayi, tazara da alƙiblar igiya, ana kuma dasa ma'aunan matsin ruwa a ƙasan tasha a wurare da dama, kuma dole su riƙa ɗaukar bayani na dogon lokaci a jere, in ba haka ba doguwar igiya ba za ta bayyana ba. A aikina, abin da nake fara nema ko kafin bayanan na'ura shi ne littafin da ma'aikatan tasha ke rubuta ranakun da aka dakatar da aiki, da lokutan da maɗaurai suka tsinke. Idan aka jera waɗannan ranaku kusa da bayanan igiya, sau da yawa cutar takan bayyana kanta. In an dakatar da aiki ne a ranakun iska mai ƙarfi kuma jirgi yana tangaɗi gefe da gefe, gajeriyar igiya ce, kuma ginin shanyewa yana da abin yi. In kuwa an dakatar ne a ranakun da sama take garau, manyan igiyoyi masu tsari suna zuwa daga nesa, jirgi kuma yana zamewa gaba da baya a hankali, to doguwa ce.

Mataki na biyu shi ne dogon tanki mai bangon gilashi, wanda ke da allon tura ruwa a ƙarshe ɗaya, a ɗaya ƙarshen kuma a gina yankin ginin da ake son gwadawa. Ana rage girma bisa ƙa'idar William Froude, wadda ta ce idan an rage tsawo da wani adadi, lokaci yana raguwa da tushen wannan adadi (wato lambar da in an ninka ta sau kanta take ba da shi), nauyi kuma da adadin sau kansa har uku. A sikelin 1:25, igiyar daƙiƙa 10 ta koma daƙiƙa 2, dutse mai tan ɗaya kuma ya koma giram 64. Wahalar awo ita ce ma'auni ɗaya ba ya bambance igiyar da ke zuwa da wadda ke dawowa, jimlarsu kawai yake gani. Goda da Suzuki sun fitar da hanyar raba su da ma'aunai biyu a 1976, amma hanyar takan rikice idan nisan da ke tsakanin ma'aunan ya dace da rabin zango. Mansard da Funke suka inganta ta da ma'aunai uku a 1980, kuma ita ce aka fi amfani da ita yanzu. Dole ne kuma shi allon tura ruwan ya iya shanye igiyar da ta dawo masa, in ba haka ba zai sake mayar da ita, gwajin ya gurɓace. Ba a wadatuwa da igiya iri ɗaya mai maimaita kanta. Ana tura cakuɗaɗɗiyar igiya irin ta teku, ɗaruruwa a jere, a matakan ruwa daban-daban, domin ramukan da ke aiki lokacin da teku ta cika suna iya zama a sama da ruwa idan ta janye. Abin da ake fitarwa daga wannan mataki ba lamba ɗaya ba ce, jadawali ne na rabon dawowa a kowace tazara. Duk wanda ya ce maka gininsa yana da rabon 0.3 bai faɗi a wace tazara da wane zurfi ba, bai ba ka bayanin da za ka yi aiki da shi ba.

Mataki na uku shi ne samfurin tashar gaba ɗaya, ko a faffaɗan tafkin gwaji ko a kwamfuta, kuma yawanci ana haɗa su. Cibiyoyi irin su Deltares a Delft, HR Wallingford a Ingila, da cibiyar injiniyoyin sojan Amurka a Vicksburg sun daɗe suna wannan aiki. A tafki akan yi amfani da sikeli kamar 1:100, inda zurfin mita 10 yake komawa santimita 10, ana kuma iya ɗaure samfurin jirgi a auna motsinsa da jan da maɗauransa ke sha. A kwamfuta kuwa ana warware lissafin da Berkhoff ya gabatar a 1972 ko lissafe-lissafen da suka samo asali daga aikin Boussinesq, waɗanda ke iya haifar da doguwar igiya daga rukunin gajeru. Kwamfuta tana ba da damar gwada tsare-tsare masu yawa cikin sauri, amma ka sani rabon dawowar kowane bango kai ne kake shigar mata da shi. Ba ta ƙirƙiro shi. Idan ka shigar da lambar da ta dace da igiyar daƙiƙa 6 sannan ka gwada ta daƙiƙa 14, za ta zana maka tasha kwantacciya da ba ta wanzu ba.

A wannan mataki ne ake amsa tambayar da ta fi kowacce tasiri a kan kuɗi, wato a ina za a sa ginin. Ba a bukatar a lulluɓe duk bangayen tasha. Ana bin igiya daga ƙofa a ga bangon da take fara bugu, domin a nan take da cikakken ƙarfinta, kuma abin da aka ci a bugun farko ba zai kai ga na biyu da na uku ba. Kusurwoyin da bangaye biyu suka haɗu suna tara igiya, su ma sun cancanci kulawa. Na sha ganin gajeren gangare da aka sa daidai gaban ƙofa ya fi dogon gini mai tsada da aka sa a can ƙuryar tasha amfani. Haka kuma na sha ganin akasin haka, inda aka cike wata tsohuwar gaɓar yashi a cikin tasha aka yi bango domin ƙarin wurin jingina jirgi, sai tashar da take lafiya ta fara tangaɗi, saboda gaɓar nan ita ce take shanye igiyar ba tare da kowa ya lura ba.

Shin samfurin abin dogaro ne

Eh, abin dogaro ne idan an san inda yake karkacewa. Ƙa'idar Froude tana kiyaye daidaito tsakanin nauyin ruwa da gudunsa, amma ba ta kiyaye danƙon ruwa ba. A cikin ƙananan ramukan samfuri ruwa yana tafiya a natse, alhali a ainihin gini hargitse yake, don haka asarar ƙarfi ba ta zo daidai ba. Shi ya sa a ƙaramin sikeli muke amfani da duwatsun da suka fi girman da lissafin sikeli ya bayar, ko kuma mu gina wani abu dabam a tafki mu daidaita shi har ya ba da rabon dawowar da aka auna a dogon tanki. Gogayyar ƙasan tafki ma tana kashe ƙananan igiyoyi fiye da kima, tashar ta fito a kwance fiye da yadda za ta kasance. Igiyar da ta yi ƙanƙanta ƙwarai kuma tana shiga ƙarƙashin ikon jan fatar ruwa, wato ɗan ƙarfin da ke riƙe saman ruwa kamar fata. Iskar da ta maƙale a ɗakin akwati ba ta matsuwa daidai sikeli, don haka ƙarfin duka da aka auna a samfuri yana bukatar gyara kafin a yi amfani da shi wajen zana ƙarfen kankare. Waɗannan dalilai ne suka sa aka gina manyan tankuna kamar na Delft mai tsawon mita 300 da aka buɗe a 2015.

A ra'ayina, samfuri ya fi ƙarfi wajen kwatanta tsari da tsari fiye da faɗin ainihin lamba. Idan ya ce tsari na biyu ya fi na farko kwanciya da rabi, na yarda da shi. Idan ya ce igiya za ta zama santimita 31 daidai, ina barin sarari sama da ƙasa. Sharaɗina kafin in amince da kowane samfuri, na ruwa ko na kwamfuta, shi ne ya fara maimaita tashar yadda take a yau, ya fitar da abin da ma'aunai suka auna a wuraren da aka dasa su. Wanda ya kasa faɗin halin da ake ciki ba za a karɓi maganarsa a kan halin da za a shiga ba.

Tun da ba ka ambaci wata tasha takamaimai ba, ba zan zaɓar maka gini ba, domin zaɓin yana hannun tazarar igiyar wurin, zurfinsa, hawa da saukar teku, filin da ake da shi, da irin jiragen da ke shiga. Ka kuma sa a lissafinka cewa gini yana canzawa da shekaru: halittun ruwa masu ɓawo suna toshe ramukan akwati su rage buɗaɗɗen wurin da aka tsara, yashi yana taruwa a ɗakin ya rage zurfinsa, duwatsun gangare suna zamewa bayan guguwa. Saboda haka a bar ma'aunan nan a wurarensu bayan an gama gini, aƙalla har su ga lokacin da teku ta fi tsanani, a kwatanta abin da suka auna da abin da samfuri ya yi hasashe, sannan a sa duba ramuka da kwashe yashi a cikin jadawalin kula da tasha.